Yadda ake sayen katifar memori fom a Sakkwato ba tare da da-na-sani ba

Tun ranar da na yi suɓutar baki a majalisarmu ta unguwar Mabera na ce ciwon bayana ya yi sauƙi bayan na canza katifa ban sake hutawa ba, kowa sai ya tare ni, Malam ita memori fom ɗin nan da gaske ne ko dai wata hanyar cin kuɗin mutane ce? To shekara uku ke nan ina kwana bisa ita, na sha daɗinta na kuma sha wuyarta, kuma wuyar duk ni na ja ma kaina don ban san mi nake saye ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana yadda ake bi tun daga shago har ɗaki.

Farko dai ka san mi ce ce ita. Soso ne, ɗan'uwan sosan katifar da munka saba, sai dai an ƙara mashi sinadarai da ke sa shi danƙo, in ka danna ba ya tasowa nan take, sai ya bi siffar jikinka sannu a hankali. Asalinsa ba ma don barci anka yi shi ba, hukumar sararin samaniya ta Amurka wato NASA ce ta sa anka ƙirƙiro shi a 1966 don kujerun jirgin sama, wani injiniya Charles Yost na cikin waɗanda sunka yi aikin, sai a 1991 wani kamfani a ƙasar Suwidin ya fito da shi a matsayin katifa da sunan Tempur. Abin da ya fi shafarmu mu mutanen Sakkwato shi ne halinsa ɗaya da man kaɗe, sanyi na sa shi tauri, zafi na sa shi laushi. Ka riƙe wanga magana da kyau don duk sauran bayanin bisa ita ya hau.

Ni a watan Disamba na sayi tawa, hunturu na kaɗawa, na danna ta a shago na ji ta daram, mai shagon yana ta cewa "Alhaji wagga katihwa ko Turai ita aka kwana bisa." Wata biyu ina barci kamar ɗan sarki. Da Afrilu ta shigo, zafi ya wuce digiri 40, wata rana ƙarfe biyun dare anka ɗauke wuta fanka ta tsaya, wallahi na farka kamar an tsoma ni cikin kunu, katifar ta yi laushi na nutse ciki, ta rungume ni ta ko'ina babu inda iska ke ratsawa, zanin gado sharkaf. Tabarma na ɗauka na fita tsakar gida, uwargida na dariya tana cewa ina katifar Turawan taka.

Saboda haka matakin farko ba shago ba ne, ɗakinka ne. Ka zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah, daga Maris zuwa Mayu ina kake kwana? In kana da sola ko inbata da ke juya fanka har asuba, ko kana da AC da abin da zai riƙe ta, to bismilla, cikakkiyar katifar memori fom za ta yi maka. In kuwa kai ma irinmu ne masu jan shimfiɗa zuwa tsakar gida da zafi ya tsananta, to kar ka sayi cikakkiya, akwai siririya mai inci 2 ko 3 da ake shimfiɗawa saman katifa, masu shago na ce mata tofa, ita za ka nema ka ɗora bisa katifa mai tauri, zafi ya zo ka naɗe ta ka ajiye. Da na san haka tun farko da rabin kuɗin ma ban kashe ba. Ita cikakkiyar katifar nauyi gare ta, ba ta jawuwa waje kullum, kuma rana da ƙura da raɓa duk maƙiyanta ne.

Sai awo. Ka ɗauki tef ka auna cikin gadon, ciki fa ba waje ba, tsawo da faɗi. Mun saba cewa shida da shida, shida da huɗu da rabi, shida da bakwai, to amma kafintoci kowa da hannunsa, wani gadon shida da shidan sai ka iske ya rage inci biyu, ita kuma wagga katifa ba a danna ta da ƙarfi a cusa, gefen ne zai lanƙwashe ya lalace. Ka duba ƙasan gadon kuma, in filanki ne shimfiɗe lafiya lau amma a huda mashi ramuka don iska, in kuma katakai ne jere to kar tazarar da ke tsakaninsu ta wuce inci 3, in ta wuce sosan zai riƙa zurmawa ciki ka wayi gari katifa ta yi kunya-kunya kamar gona.

Yanzu mu shiga shago, nan ne aikin yake, kuma nan ake yi ma mutane sakiyar da ba ruwa.

Ka fara da tafin hannu. Ka danna da ƙarfi ka ƙirga zuwa biyar sannan ka ɗaga. Memori fom na gaskiya shatin yatsunka zai tsaya kana kallo, ya riƙa cikowa a hankali cikin 'yan daƙiƙu. In ya taso fat lokaci guda to sosan gida ne anka sa ma riga mai kyau, ko mi anka rubuta jikin ledar. Daga nan ka ce a buɗe maka zif ɗin rigar, yawancin masu kyau suna da zif. In mai shago ya fara kame-kame wai ba a buɗewa, ka yi mashi sallama cikin mutunci ka ƙara gaba, Sabuwar Kasuwa ba shago ɗaya ba ne, ga kuma dilolin kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka cikin gari. In an buɗe za ka ga hawa-hawa, na sama shi ne memori ɗin, na ƙasa soso mai tauri wanda shi ke ɗauke da nauyinka. Na saman ya zama inci 2 zuwa 4. Ƙasa da haka ba za ka ji bambanci ba, sama da haka kuma a garin nan nutsewa kawai za ka yi ka dahu. Ni a ganina inci 3 ya wadatar, mai jiki sosai ma gara ya tsaya nan ya nemi na ƙasan mai ƙarfi.

Sai dansiti, wato nauyin sosan gwargwadon girmansa, kilo nawa ne a kowane dunƙule mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya kauri. Wanga lamba ita ce gaskiyar katifa, ba tsawonta ba. Na memori ɗin ka nemi 50 zuwa sama, na ƙasan kuma 30 zuwa sama. In kaya ne daga Amurka za ka ga an rubuta 3 ko 4 ko 5 da awon fam, to 3 kusan 48 ke nan, 4 kusan 64, 5 kuma 80. Mai dansiti sosai ya fi daɗewa amma ya fi riƙe zafi, don haka mu nan tsaka-tsaki ya fi mana, 50 zuwa 65 haka. To in babu takarda fa, mai shago kuma ya ce maka "ai babba ce Alhaji"? Sai ka ɗaga ta. Lissafin mai sauƙi ne, katifa shida da shida mai inci 10, a ce inci 3 memori mai dansiti 50, inci 7 soso mai dansiti 30, nauyinta zai kai kusan kilo 30, wato ta fi rabin buhun siminti. In yaron shago ya sunkuce ta da hannu ɗaya yana waya da ɗayan, ka san iska za a sayar maka.

Bari in ɗan ratse nan, don abin na ci mani tuwo a ƙwarya. Mutanenmu musamman wurin kayan ɗakin amarya tsawo suke saye. Sai an samo katifa inci 18 ko 20 wadda amarya sai ta taka kujera ta hau, don 'yan ganin ɗaki su ce lalle an yi ƙoƙari. Lokacin auren ƙanwata har gardama munka yi da Inna, na ce Inna kuɗin wagga doguwar za su sayi mai inci 10 da ta ninka ta nagarta, ta ce kai dai ba ka san bakin mata ba. Ta yi nasara, doguwar anka saya, bara da na je gidan na ga tsakiyarta ta yi kwari kamar akushi. Inci 10 zuwa 12 mai dansiti mai kyau ya fi inci 20 na sosan banza nesa ba kusa ba.

Za su kuma ce maka akwai mai jel, wadda anka cakuɗa ma wasu ɗigo-ɗigo shuɗi, wai tana sanyi. Tana ɗan taimakawa a farkon kwanciya, gaskiya ne, amma ba firiji ba ce, in dare ya yi nisa ita ma ta ɗauki zafin jikinka. In bambancin kuɗin kaɗan ne ɗauki, in mai yawa ne ka sa kuɗin cikin batirin fanka ya fi maka.

Mataki na gaba, kwanciya. Ba zama bakin katifa ka yi tsalle biyu ka ce ta yi ba, kwanciya ta gaske, minti 10 zuwa 15, don sai ta ji ɗumin jikinka take nuna halinta. Ka cire kunya, kuɗinka ne. Ka kwanta ta gefen dama yadda akasarinmu ke fara barci, ka sa wanda kunka zo tare ya tsaya bayanka ya duba, daga wuya zuwa ƙugu ƙashin baya ya miƙe sak, kafaɗa da ƙugu su ɗan shiga ciki, kwiɓi kuma ya samu abin da ya tallabe shi. Nan ne memori fom ta fi sauran, tana raba nauyi, ba ka tashi da mataccen hannu. Sannan ka juya rigingine ka zura hannu ƙarƙashin gadon bayanka, in hannun ya wuce salin-alin akwai rami to ta yi maka tauri, in ko kaɗan ba ya shiga kuma ƙugu ya lume to ta yi laushi. Ka gwada juyawa, ka gwada tashi zaune, in sai ka yi kokawa kafin ka fito to ka tuna haka za ka riƙa yi kowace asuba. Ka zauna a baki-baki ka ga ko tana zubar da kai.

Ga 'yan'uwa mata na san kwanciya a shago cikin kasuwa abu ne mai nauyi. Ki je da maigida ko ƙaninki, ki ce a shigar da ita sito ko bayan labule, masu shago da yawa sun saba, in sun ƙi to a ƙalla ki dogara da gwiwar hannu da ƙugu ki ji yadda take karɓar ki. Kar dai ki bari wani mai kilo 90 ya gwada maki ke mai kilo 55, abin da ya ji ba shi za ki ji ba.

Kuma ka yi lissafin lokaci. In da hunturu kake gwaji, ka san da zafi za ta fi haka laushi, don haka ka ɗauki wadda ta ɗan fi abin da kake so tauri. In cikin zafi ne ka san da Janairu in ka fara kwanciya za ka ji ta kamar allo na 'yan mintuna kafin ta saki. Shagon da ke da AC ma yaudara ce ta daban, ɗakinka ba haka yake ba.

Maganar ciwon baya kuwa, mun taso ana ce mana mai ciwon baya sai dandaɓe ko katifa mai tauri kamar dutse, shi ya sa kowa ke neman mai taurin nan da ake ce ma otofedik. Akwai binciken da anka yi a Sifen bisa mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, mujallar likitoci ta Lancet ta buga shi a 2003, anka iske waɗanda sunka kwana bisa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi bisa waɗanda sunka kwana bisa mai tauri sosai. Ni ma abin da jikina ya gaya mani ke nan. Amma katifa ba asibiti ba ce, in ciwon na sauka ƙafa, ko kana jin ƙafar na mutuwa ko rashin ƙarfi, kuɗin katifar ka fara kai su wurin likita.

Wani daɗinta da ba a cika faɗa ba, ba ta kai motsi. Da can in na tashi sallar dare sai duk gadon ya girgiza na tada uwargida, yanzu sai in sauka in yi alwala in dawo ba ta sani ba.

To sai ciniki. Kar ka dubi kuɗin yau kaɗai, ka raba shi da shekaru. Misali kawai nake badawa ba farashin kasuwa ba, a ce wata dubu 150 ce ta yi shekara 3 ta lotsa, wata dubu 350 ta yi shekara 8, ta farkon dubu 50 ke nan duk shekara, ta biyun ba ta kai dubu 44 ba, ga lafiyar baya. Mai kyau in an kula da ita tana yin shekara 7 zuwa 10. Ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da sunan katifar da incinta, ka karɓi katin garanti a buga mashi hatimi, ka tambaya ƙarara in ta lotsa wa zan kawo ma, ku ko kamfani, kuma lotsawar inci nawa suke karɓa. Ka duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya wato SON in ƙirar Najeriya ce. Masu oda ta waya daga Legas ko Kano, cinikin biri a sama ne, a ƙalla ku sa a yi maku bidiyon gwajin tafin hannu da buɗe zif, a kuma rubuta maku sharaɗin maidowa. Ta gwanjo kuwa ko kyauta anka ba ka ka yi tunani, kuɗin cizo in ya shiga gida sai ka gwammace kiɗa da karatu.

Wurin ɗauko ta kar ka yarda ɗan kabu-kabu ya ninke ta biyu ya ɗaure da roba, sosan na tsagewa daga ciki ba ka gani. A samo Keke Napep ko a kori kura a ɗora ta miƙe. In irin wadda anka matse anka naɗe cikin kwali ce, ka kai ta ɗaki tukun, ka ɗora bisa gado, sannan ka yanka ledar da almakashi a hankali daga gefe, ba da wuƙa ba. Za ta fara kumbura, ka ba ta kwana ɗaya zuwa uku ta cika, da sanyi ta fi ɗaukar lokaci. Kuma kar a aje ta cikin kwalin wata da watanni ana jiran ranar jere.

Ka cire leda. Na sake faɗa, ka cire leda! Wanga ɗabi'a tamu ta barin katifa cikin ledarta wai kar ta tsufa, ita ke ƙara zafin, ta tara gumi, ta hana warin sabunta fita, ga ƙara duk juyin da ka yi. Sabuwa tana da wani wari kamar na fenti, ka buɗe taga ka kunna fanka kwana biyu ko uku zai tafi, mai asma kar ya kwana ɗakin sai ya fita. Maimakon leda ka sayi rigar katifa wadda ruwa ba ya ratsawa amma samanta yadi ne, musamman in akwai yara masu fitsarin kwance, sannan zanin gado na auduga, ba mai santsin nan na roba ba. Ka kuma ba jikinka sati biyu zuwa huɗu ya saba, ni makon farko har na fara zargin kaina.

Kula da ita ba wuya, hani ne ya fi yawa. Ba a kifa ta don fuska ɗaya gare ta, juya ta ake, kai ya koma ƙafa, ni ina yi sau biyu a shekara, shigowar hunturu da faɗuwar damina don kar in manta. Ba a wanke ta da ruwa, tana shanye shi ta ƙi bushewa har ta yi fumfuna daga ciki. In abu ya zube ka danna tawul ya tsotse, kar ka goga, ka ɗan shafa kumfar omo sama-sama, ka barbaɗa bekin soda irin ta masu kek ka bar ta awanni, ka kakkaɓe, ka jingine ta a inuwa fanka na bugunta. Kar ka shanya ta a ranar Sakkwato, rana na cinye soso ya koma rawaya ya fara marmashewa. Kar a fesa mata fiya-fiya, guba ce kuma fuskarka ke kwana wurin. Kar a yi guga bisa ita.

Sai wuta, wagga kam ba wasa. Soso in ya kama yana ci kamar fetur kuma hayaƙinsa baƙi ne mai kisa. Kaskon turaren wuta da mata ke turawa ƙarƙashin gado ko kusa da zanin gado, maganin sauro na kunnawa, garwashin jin ɗumi da hunturu, da wanda ake sa ma mai jego a ɗaki, duk a nisanta su. Tunda na ambaci jego, jariri da bai kai shekara ba ba a kwantar da shi bisa memori fom, laushin na iya rufe mashi hanci shi kuma ba ya iya juya kansa, a nema mashi shimfiɗa mai tauri a kwantar da shi rigingine. Tsofaffi masu ciwon gwiwa su ma a duba, in tashi na ba su wuya to mai nutsewa za ta ƙara masu aiki, siririyar tofa inci 2 bisa katifa mai tauri ta fi masu, ita na saya ma Inna kuma har yau tana sa mani albarka duk da ba ta yarda na fi ta gaskiya kan katifar amarya ba.

Wanda ya bi shawarar tofa, ga yadda ake aje ta in Maris ta kama. Ka cire rigarta a wanke, ita kuma ka bar ta ta sha iska a inuwa wuni guda, sannan ka naɗe ta kamar tabarma, naɗi ba ninki ba, ka ɗaure da tsumma mai faɗi sako-sako don igiya na yanka ta, ka lulluɓe da tsohon zanin gado saboda ƙura, ka ɗora saman wadrob inda ɓera ba ya kaiwa. In ruwa ya sauka cikin Yuni gari ya yi sanyi sai ka sauko da ita ka warware, ka ba ta wuni ɗaya ta miƙe kafin ka shimfiɗa zani.